Labarin Zuciyar da Ba a Tambayar Fuska

Idan mai jego ta yi arba'in, ta gama wanka, ta fito yawon gaishe-gaishe da goyonta, akwai abin da ake jiran gani a kowane gida ta shiga. A kwance goyon, kaka ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ta matso da fuskarta tana tsokana: "Kai angona, ba ka gane ni ba? Ina kuɗin cefanena?" Can sai bakin yaro ya buɗe, kumatu su ɗaga, ɗaki ya ɗauki shewa. Likitocin yara sun san wannan lokaci kamar yadda tsofaffinmu suka san shi. Tsakanin mako 6 zuwa 8 da haihuwa ne jariri ke fara mayar wa mutum murmushi, kwana 40 kuwa a bakin wannan lokaci ya faɗo.

To mu ɗauka a wani gida ne a Unguwar Shanu ko Badarawa, cikin Kaduna. An kwance goyo, mace ce. Kaka ta kira ta kishiya, ta yi tafi, ta yi cakulkuli, fuskar yarinya ko gezau. Uwar ta sunkuyar da kai, domin ita ta riga kowa lura. Tun ranar haihuwa muryar kuka na fita amma fuska ba ta yamutsewa. Yarinya ba ta kama nono da kyau, abin da ta tsotsa rabi ta gefen baki yake zubewa. Idan ta yi barci ido ba ya rufuwa duka. Idan aka gifta ta gefenta ba ta bin mutum da ido, sai dai ta juya kan gaba ɗaya. Kaka ta miƙa wa uwar 'yarta tana cewa, "Wannan kishiya tawa akwai miskilanci." A ranar wasa ne. Bayan wata shida, in abin bai canja ba, maganar da ake yi a bayan idon uwar ta daina zama wasa: wasu su ce doluwa ce, wasu su rage murya su ce 'yar ruwa.

Mu mutane ne da suka ɗora wa fuska nauyi mai yawa. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Muna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Da fara'a ake auna matar gida, da ita ake auna ɗan kasuwa, har malami. Karin maganar nan gaskiya ce ga kusan kowa, shi ya sa ta zauna daram. Amma akwai 'yan tsirarun mutane da take yi wa ƙarya, kuma ƙarya mai cutarwa. Kafin a fahimci yadda haka ke faruwa sai an leƙa wani ɗan wuri a cikin kai.

Ka sa hannu a ƙeyarka, inda kai ya haɗu da wuya. Can ciki, gaba da inda yatsunka suke, ƙwaƙwalwa ta tsuke ta zama wani ɗan kututture mai tsawon santimita 7 zuwa 8, daga nan ya zarce ya zama lakar da ke bi ta cikin ƙashin baya. Shi ne tushen ƙwaƙwalwa. Numfashi a hannunsa yake, haka bugun zuciya da haɗiya da farkawa daga barci. Hawa uku ne: na sama, na tsakiya, na ƙasa. Na tsakiyar ya ɗan kumburo gaba, kuma wani masanin sassan jiki ɗan Italiya, Costanzo Varolio, da ya bayyana shi a 1573, ya ga ya yi masa kama da gada, sai ya kira shi da kalmar Latin mai wannan ma'ana. Har yau sunan ke nan a littattafan likitanci.

Mutumin Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani a kan gada ba. Idan mota ta mutu a wani lungu a Malali, mutanen layin kaɗai ta dama. Idan tirela ta mutu a kan gadar kogi da safe, wanda ya taso daga Kawo za shi Kakuri ya makara, wanda ya taso daga Barnawa za shi Kasuwar Gumi shi ma ya makara. Haka abin yake a cikin kai. Duk saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa hannu da ƙafa ta wannan ƙuntataccen wuri yake wucewa, duk abin da jiki ya ji ta nan yake hawa. Rauni kamar ƙwayar gero a wani sashe na ƙwaƙwalwa yana iya wucewa mutum bai sani ba. A kan gada, rauni mai wannan girma yana iya sauya wa mutum kamanni.

Hausa ta haɗa abubuwa uku a kalmar jijiya: wadda jini ke bi, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ke ɗauke da saƙo. A nan ta ukun nake nufi, sai inda na ce ta jini. Jijiyoyin saƙo da ke fitowa kai tsaye daga cikin kai guda 12 ne a dama, 12 a hagu, kuma likitoci da lamba suke kiran su. Ta 3 da ta 4 da ta 6 su ke juya ƙwayar ido, ta hanyar tsokoki 6 da ke riƙe da kowane ido. Ta 6 tsoka ɗaya tak take yi wa aiki, wadda ke jan ido waje, wajen kunne. Da ita ake satar kallo, da ita ake harara. Ta 7 kuwa ita ce mai fuska. Ɗaga gira, ƙifta ido, murmushi, ɓata rai, hura wuta, duk nata ne, har da hawaye da wani ɓangare na yawu da ɗanɗanon gaban harshe.

Ga abin da ya haɗa su. Cibiyar jijiya ta 6 da cibiyar ta 7 duk a cikin gadar suke, katanga ɗaya. Abin bai tsaya nan ba. Zaren jijiya ta 7, maimakon ya fita kai tsaye, sai ya koma baya ya zagaye cibiyar ta 6 tukuna, kamar mutumin da ba ya isa zaure sai ya kewaya ɗakin maƙwabcinsa. A waje kuwa hanyoyinsu sun rabu: ta 6 ta nufi kwarmin ido, ta 7 ta bi ta cikin ƙashin kunne. Saboda haka idan fuska kaɗai ta shanye, matsalar tana iya zama a waje. Idan fuska ta shanye kuma ido ya kasa juyawa gefe, hankalin likita can ciki yake komawa, inda gidajen biyu suke jingine da juna.

Yarinyar da ke cinyar kakarta, da wannan aka haife ta. Cibiyoyin biyu ba su ginu yadda ya kamata ba tun tana ciki, galibi a dama da hagu duka. Ana kiran lalurar da sunan Paul Julius Möbius, likitan ƙwaƙwalwa na birnin Leipzig a Jamus, wanda ya yi rubutu a kanta a 1888 ya ƙara a 1892. Ranar haihuwarsa, 24 ga Janairu, ita ce masu lalurar suka ɗauka ranar wayar da kai a kowace shekara. Ni dai ban cika son a yawaita yabon mutumin ba, domin shi ne kuma ya wallafa wani ɗan littafi a 1900 yana da'awar wai mata raunin hankali a halittarsu yake. Wanda ya kamata ya fi kowa sanin haɗarin yanke wa hankalin mutum hukunci daga surarsa, shi ma ya faɗa ramin.

Lalura ce da ba a cika gani ba. Ƙiyasin da ake yi ya kama daga jariri 1 cikin 50,000 zuwa 1 cikin 500,000, kuma faɗin wannan tazara kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙirgen bai zauna ba. Amma ƙasa irin tamu da ake haihuwar jarirai sama da miliyan 7 a shekara, ko da ƙaramin ƙiyasin aka ɗauka, ana haifa mata irin waɗannan yara fiye da goma duk shekara, in da babban ne kuwa sun haura ɗari. Suna nan a cikinmu. Abin da ya rage shi ne wane suna aka ba su a gida.

A 2007 masana suka zauna a Bethesda ta Amurka suka tsayar da sharuɗɗan gane ta: raunin fuska da aka zo da shi tun haihuwa, wanda ba ya ƙaruwa, tare da kasawar ido ɗaya ko biyu wajen juyawa gefe. Kalmar "ba ya ƙaruwa" ita ce ya kamata a fara gaya wa iyaye, domin tsoron da ke hana su barci ke nan. Sau da yawa akwai 'yan rakiya. Idanu su karkato wajen hanci, abin da muke kira harara-garke. Harshe ya zama ƙarami ko ya ƙi motsi sosai, haɓa ta zama 'yar ƙarama. Wasu a haife su da ƙafa a naɗe, wasu da yatsun hannu a haɗe ko ba su cika ba, wasu babu tsokar ƙirji a gefe ɗaya. Hankali kuwa, a mafi yawansu, lafiya lau yake.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mutane ke kasa yarda da ita, kuma ba wuya a ga dalili. Yaro ne da baki a buɗe, yawu na dalala, ido a karkace, fuska kamar an sassaƙa. Ga magana ba ta fita tar. Ka gwada cewa "Baba" ko "Mama" ba tare da leɓɓanka sun haɗu ba. Haruffan leɓe, irin su b da ɓ da m da f, sun cika Hausa, kuma ranar farko a makarantar allo da bisimilla ake farawa, wadda harafin farkonta na leɓe ne, ga mim biye da shi ba nisa. Malam ya biya, yaro ya maimaita, malam ya ji ba daidai ba, ya ɗaga kai ya ga fuskar da babu alamar damuwa ko kunya a cikinta. Me zai ɗauka in ba taurin kai ko daƙiƙanci ba? A yi wa yaron faɗa, ya ji zafi har cikin ransa, fuska ba ta nuna ba, sai a ce ba ya jin magana. A ba shi kyauta, ya ji daɗi kamar ya tashi sama, a ce ba shi da godiya. Kowace rana ana karanta wasiƙar da bai rubuta ba.

An ma taɓa zaton cewa wanda ba ya iya motsa fuskarsa ba zai iya karanta fuskar wani ba, bisa ra'ayin cewa muna gane halin da mutum ke ciki ne ta hanyar kwaikwayon fuskarsa a ɓoye. Kathleen Bogart, masaniyar halayyar ɗan Adam da ke koyarwa a Jami'ar Jihar Oregon, wadda ita kanta da lalurar aka haife ta, ta gwada wannan zato tare da David Matsumoto. A binciken da suka wallafa a 2010 sun nuna wa manya 37 masu lalurar hotunan fuskoki, sai ga shi suna bambance fushi da tsoro da murna daidai da kowa. Ta kuma nuna a wasu ayyukanta cewa waɗanda aka haifa da shanyewar fuska suna mayar da abin da fuska ta kasa cikin murya da hannu da motsin jiki da zaɓen kalma. Wato labarin zuciyar yana fita, ta wata ƙofa ce kawai. Iyayen da suka gane haka su ne za ka ji uwa na cewa, "Ai dariya take yi, ba ku ji muryarta ba?"

Me ke kawo ta? A mafi yawan yara ba a gano takamaiman dalili, kuma ba kasafai take bin dangi ba. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne jini ya ɗan yanke wa tushen ƙwaƙwalwa a watanni biyun farko na ciki, lokacin da waɗannan cibiyoyi ke ginuwa. A 2015 an gano sauyi a ƙwayoyin gado guda biyu a jikin wasu kaɗan daga cikin masu ita. Akwai kuma wani magani da ya shafe mu kai tsaye, wato misoprostol. Asalinsa maganin gyambon ciki ne, amma yana sa mahaifa ta matse. A Barazil, inda mata suka riƙa shan sa a farkon ciki, likitoci suka lura yara masu wannan lalura sun yawaita. Wani bincike da aka wallafa a 1998 ya duba jarirai 96 masu ita, ya tarar uwayen 47 sun sha maganin a watanni ukun farko, alhali a wani rukunin jarirai 96 masu wata lalurar daban uwaye 3 ne kawai suka sha. A yi hattara da yadda ake ɗaukar wannan labari. Maganin nan, idan aka ba mace bayan ta haihu, yana tsayar da zubar jini, ya kuma ceci rayukan mata da yawa a ƙauyukanmu. Haɗarin yana ga mai ƙaramin ciki da ta saye shi a kemis ba da sanin likita ba. Kuma ganin yaro da lalurar ba hujja ba ce a kan uwarsa, domin akasarin uwayen ba su sha komai ba. Na faɗi haka ne saboda na san yadda magana ke yawo a gidan yawa.

Ba a gyara cibiyar da ba ta ginu ba, amma abin yi yana da yawa, kuma mafi muhimmancinsa ba shi ne mafi tsada ba. Farko ciyarwa. Jaririn da leɓɓansa ba sa riƙe nono yana iya ramewa, ko ya riƙa ƙwarewa har nono ya shiga huhu. A tatsa, a ba shi da cokali ko ƙaramin kofi yana zaune a miƙe, a riƙa auna nauyinsa. Na biyu ido. Ƙiftawa ita ce sharar ido da shafa masa ruwa, kuma idon da ba ya ƙiftawa, a garin da hunturu ke zuwa da ƙura wata uku, yana bushewa, ya yi gyambo, ya bar hakiya. Akwai ruwan hawaye na kwalba da ake ɗigawa da rana, da man ido da dare. In abin ya yi tsanani a ɗan ɗinke gefen fatar idon, ko a dasa ɗan ƙaramin nauyi na zinariya a fatar sama don ta riƙa saukowa. Ruwan nono da ruwan ganye da kwalli ba su da gurbi a irin wannan ido. A nan mutanen arewacin Kaduna sun yi sa'ar maƙwabci, domin Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa, wadda dokar kafa ta ta fito a 1979, tana nan Mando, kuma gyaran karkataccen ido aikin likitocin ido ne. Ƙafar da ta naɗe ana miƙar da ita da filasta a hankali tun jariri na ɗanye. Likitocin yara da masu gashin ƙashi suna Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wanda ke ɗauke da sunan likita na farko ɗan Arewa, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika idan ana bukatar ƙarin bincike.

Akwai tiyatar da ake yi wa laƙabi da tiyatar murmushi, wadda Ronald Zuker da Ralph Manktelow suka shahara da ita a asibitin yara na Toronto a Kanada. Ana yanko 'yar tsoka daga cikin cinya tare da jijiyoyinta na jini da na saƙo, a dasa a kumatu, a ɗinke jijiyoyin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a jona ta saƙon da jijiyar tauna, tunda ita tauna jijiya ta 5 ke kula da ita kuma galibi lafiyarta ƙalau. Bayan watanni tsokar ta farfaɗo. Yaro ya cije haƙora, gefen baki ya ɗaga. Da atisaye wasu sukan kai inda ba sai sun cije ba. Aiki ne na ban mamaki, mai tsada, kuma gaskiya ita ce mafi yawan iyalanmu ba za su kai gare shi ba. Wani malamin aji da aka zaunar aka yi wa bayani na minti goma zai iya sauya rayuwar yaron fiye da yadda ake zato.

Wannan na haihuwa ke nan. Akwai kuma wanda ke zuwa wa babba rana tsaka, ko in ce da asuba, domin a wurin alwala ake yawan gane shi. Mutum ya ɗebi ruwa zai kurkure baki, ruwan ya tsiyaye ta gefe ɗaya. Ya wanke fuska, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Ya duba madubi ya ga baki ya karkace. Kafin hantsi an kawo fassara: iska ta buge shi, ko aljani ya mare shi, ko ya kwana a ƙarƙashin fanka. Malaman likitancin Musulunci sun san wannan ciwo da sunan laƙwa. Ar-Razi ya bayyana shi a littafinsa al-Hawi, Ibnu Sina ma ya yi bayaninsa a al-Ƙanun, ƙarnuka kafin Charles Bell ɗan Sikotilan ya fayyace aikin jijiya ta 7 a 1821 har aka laƙaba wa ciwon sunansa. Mafi yawan karkacewar baki irin wannan ce: jijiyar ta kumbura a cikin matsattsiyar hanyarta ta ƙashin kunne, ba a cikin ƙwaƙwalwa ba. Kimanin 7 cikin 10 suna warkewa sarai ko ba magani, shi ya sa duk wanda ya yi tofi ko ya ba da turare yake samun shaida. Maganin rage kumburi, in an fara shi cikin kwana 3, yana ƙara yawan masu warkewa. Wani abin lura: bakin yana karkata ne zuwa gefen da ke da lafiya, domin shi ke da ƙarfin ja. Sau da yawa gefen da 'yan'uwa suka duƙufa suna murzawa da man zafi ba shi ne mai ciwon ba.

Haɗarin shi ne a ɗauki kowace karkacewar baki a matsayin wannan mai sauƙin. Ɗaliban likitanci suna da gwajin da suke ji da shi: a ce mutum ya ɗaga gira. Idan goshi ya tattare a gefe biyu amma baki ya karkace, matsalar a can saman ƙwaƙwalwa take, irin ta shanyewar ɓarin jiki, domin goshi daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa yake karɓar umarni. Idan rabin goshin ma ya mutu, sai a ce ciwon Bell ne. Gwajin yana da kyau, amma gada tana yaudararsa. Rauni a cikin gada yana kashe rabin fuska har da goshi, tamkar na Bell. Abin da ke tona asirinsa maƙwabciya ce, wato jijiya ta 6. A ɗaga yatsa a ce ya bi shi da ido dama da hagu. In ido ya tsaya a hanya, ko ya ce yana ganin yatsa biyu, ko jiri na ɗibarsa, ko tafiya ta zama ta mai maye, ko haɗiya ta gagara, to wannan ba na zaman gida ba ne, na asibiti ne a wannan sa'a. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna.

Akwai alamar da ba ta da na biyu. Fuska ta shanye a dama, hannu da ƙafa su shanye a hagu. Hanyoyin saƙon hannu da ƙafa suna tsallakawa ɗaya gefen ne a hawa na ƙasa, bayan sun wuce gada, ita kuwa jijiyar fuska a gefenta take fita. Likitocin Faransa Millard da Gubler da Foville ne suka bayyana irin wannan shanyewa ta giciye a shekarun 1850, ba na'ura ba hoto, sai ido da haƙuri da binciken gawa. Na baya ma sun zo da nasu, har da lissafi. A 1967 Miller Fisher ya bayyana mutanen da ido ɗaya ba ya zuwa dama ko hagu sam, ɗayan kuma waje kaɗai yake iya zuwa, ya kira abin "ɗaya da rabi". A 1998 Eric Eggenberger ya ga masu wannan tare da shanyewar jijiya ta 7, ya tara ya ce "takwas da rabi". Likitoci ma suna da barkwancinsu. A wurin dattawa toshewar ƙananan jijiyoyin jini ce kan gaba wajen jawo waɗannan, kuma babban binciken SIREN da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna hawan jini ne uban tafiya a shanyewar jiki a yankinmu, nesa ba kusa ba. A wurin yaro ko matashi kuwa likitan da ke aiki a nan ba ya mantawa da tarin fuka, domin ƙwayarsa na iya yin ƙullutu a cikin gada, kuma wannan yana jin magani.

Ɗaya daga cikinsu ba zan wuce ban ambata ba saboda arhar maganinsa. Mai ciki da laulayi ya yi wa tsanani, ta yi makonni tana amai ba abin da ke zama, bitamin B1 na jikinta yana ƙarewa, domin ajiyarsa ba ta wuce ta mako 2 zuwa 3. Sai ido ya fara rawa ko ya kasa juyawa, tafiya ta rikice, tunani ya dagule. Carl Wernicke ya bayyana wannan a 1881. Ƙarin ruwa mai suga ba tare da bitamin ɗin ba yana iya ƙara rura wutar. Allurar bitamin kuwa, in an yi da wuri, takan saki idon cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki.

Ƙarshen abin da gada ke iya yi wa mutum shi ne ta karye gaba ɗaya ta gaba, galibi idan babbar jijiyar jinin da ke kwance a kanta ta toshe. Hannu da ƙafa su mutu, fuska ta mutu, harshe da maƙogwaro su mutu, ido ya daina zuwa gefe. Amma sashen da ke riƙe da farkawa yana ta baya, bai taɓu ba, ji ma yana nan, tunani yana nan cif. Fred Plum da Jerome Posner suka ba wannan hali suna a 1966, sunan da ke nufin wanda aka kulle a ciki. Ƙofa ɗaya ake bar masa: ɗaga ido sama da sauke shi, da motsa fatar ido ta sama, saboda cibiyar wannan motsi tana hawa na sama, ba a kan gada ba.

Jean-Dominique Bauby, babban editan mujallar Elle a Faransa, yana da shekara 43 abin ya same shi, ranar 8 ga Disamba 1995. Da fatar idonsa na hagu ya rubuta littafi. Wata mata mai suna Claude Mendibil takan zauna gefen gadonsa tana karanto haruffa, waɗanda aka jera bisa yawan amfani da su a Faransanci, in ta zo kan wanda yake so ya ƙifta, ta rubuta, a sake daga farko. Littafin ya fito a Maris 1997, shi kuma ya rasu ranar 9 ga watan, kwanaki kaɗan bayan fitowarsa.

Duk lokacin da na tuna Bauby, ɗakin majinyata ne ke zo mini a rai, da yammacin Juma'a, lokacin dubiya. Mun cika ɗaki, mun zagaye gado. Tsoho na kwance ido a buɗe, fuska shafe. Wani ya ce, "Ai ba ya gane kowa." Wata ta ce, "Sai dai addu'a, jikin ya riga ya tafi." A kansa ake lissafin kuɗin da aka kashe, a kansa wani lokaci ake fara taɓa maganar gida da gona. Mafi yawan masu kwance haka da gaske ba sa ji. Amma ba duka ba, kuma daga fuska ba a bambancewa. Wani bincike da aka wallafa a 2002 a kan masu wannan hali 44 a Faransa ya nuna cewa sai da aka ɗauki kimanin wata biyu da rabi, a matsakaici, kafin a gane suna cikin hayyacinsu, kuma a fiye da rabinsu wani ɗan'uwa ne ya fara lura, ba likita ba. Mai jinya da ke kwana a kan tabarma a gefen gado ya fi kowa damar ganin idon.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. A rage hayaniya, a tsaya ta inda zai iya gani, tunda ba zai juyo ba. In fatar idon ta sauka a ɗaga masa ita a hankali da yatsa. A ce, "Baba, in kana ji na, ɗaga idonka sama." A jira, domin amsar takan yi nauyi, kuma gajiya na saurin kama su. In ya ɗaga, a ce ya sauke, a sake, don a tabbata ba dace ba ne, sannan a kira likita ya gani da idonsa. Daga nan a yi yarjejeniya: sama na nufin i, ƙasa na nufin a'a. Sai a tambaye shi ko akwai inda ke yi masa ciwo, a riƙa ambaton gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, daga kai zuwa ƙafa.